Yadda ake rubuta labari da "ka" da "kin"

A wannan salo marubuci yana sa mai karatu cikin rigar tauraron labari: "Ka buɗe ƙyaure, ƙurar hunturu ta cika maka ido." Salo ne mai ƙarfi, amma yana da tarko a Hausa.

Fara da yanke jinsi. Ba mu da kalma ɗaya da za ta ɗauki namiji da mace, don haka tun jimlar farko sai ka zaɓi ka ko kin, zaɓin kuma zai bi ka har cikin maka da miki, gidanka da gidanki. In ka gudu zuwa "ku", labarin ya koma jawabin taro.

Babban tarkon yana wurin namiji. Ba ma rubuta tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka "ka tashi" na iya zama labari, na iya zama umarni. Da baki kunne yana rabewa, a takarda kuwa sai mai karatu ya tsaya laluben ma'ana. Maganinsa a kafa lokaci da wuri: "Jiya tun da asuba ka tashi", ko a koma "kana". Mace ta tsira daga wannan, domin kin, kika da ki kowanne daban yake.

Wurin hira, sa zancen kowa cikin alamar zance da layinsa, kada "ka" ɗin mahaifiyar tauraro ya cakuɗe da na mai ba da labari. Ka-ka-ka a bakin kowace jimla yana gajiyar da kunne, sai ka riƙa fara wasu da abin da ido ke gani: "Buta na nan bakin rijiya."