Yadda Ake Zaɓar Masaukin Shirin Fodkas a Arewacin Kamaru da Chadi

Duk wanda ya san fatauci ya san cewa falke ba ya sauke kayansa a gidan da ya fara cin karo da shi, sai ya binciki halin mai masaukin, ya ji abin da za a karɓa a hannunsa, ya kuma tabbatar za a bar shi ya kwashe kayansa ranar da ya yi niyyar tashi. Haka lamarin yake ga mai shirin fodkas, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet kashi-kashi domin mai saurare ya ji a wayarsa lokacin da ya samu sarari. Matasa da dama a Garwa da Marwa da Ngaundere, har zuwa Kusiri da Njamena, suna naɗar hirarraki da darussa da labaran kasuwa, amma yawancinsu suna tsayawa ne a kan turawa ta WhatsApp, inda shiri kan nutse cikin tarin saƙonni kafin kwana biyu. Wanda yake son a riƙa samun shirinsa bayan shekara guda, tilas ya nema masa masauki.

Da farko ya kamata a bambanta masauki da kasuwa. Masauki shi ne kamfanin da yake ajiye fayilolin muryarka, sannan ya samar maka da adireshin da ake kira RSS, wanda yake ɗauke da sunan shirin da hotonsa da jerin kashi-kashinsa. Su kuwa Apple Podcasts da Pocket Casts da Podcast Addict kasuwanni ne, suna karanta wannan adireshi su baje kayanka ga masu saurare, amma kayan suna nan a masauki. Sau ɗaya ake miƙa musu adireshin, daga nan duk sabon kashin da ka ɗora zai bayyana da kansa. Spotify ya haɗa sana'o'in biyu, domin a 2019 ya sayi wani masauki mai suna Anchor, wanda aka sauya wa suna zuwa Spotify for Podcasters a 2023, sannan Spotify for Creators a 2024. Kasuwa tana iya watsewa, kamar yadda Google ya rufe Google Podcasts a 2024, amma waɗanda adireshinsu yake hannunsu ba su rasa ko kashi ɗaya ba, sai dai suka ci gaba da baje kaya a sauran kasuwanni.

Saboda haka abin da zan fara dubawa a kowane masauki shi ne ƙofar fita, tun kafin in tambayi farashi. Akwai wata dabara da ake kira karkatarwa ta 301, wadda ma'anarta ita ce idan ka koma sabon masauki, tsohon zai riƙa shaida wa duk manhajar da ta zo neman shirinka cewa ya tashi, ga sabon adireshinsa. Idan masauki yana ba da wannan dama, masu bin shirinka za su biyo ka ba tare da sun san an yi ƙaura ba. Idan kuwa ba ya bayarwa, ranar da ka tashi za ka bar jama'arka a tsohon gida, ka koma tara masu saurare daga farko. Ka shiga shafin taimakon kamfanin ka nemi lambar 301, ka duba ko kai da kanka za ka iya kunna ta, ko kuwa sai ka rubuta musu ka jira amsa. Wanda ya zaɓi Spotify for Creators kuma ya lura cewa sai ya shiga saituna ya kunna RSS da hannunsa, in ba haka ba shirin zai tsaya a cikin Spotify kaɗai.

Akwai wani ɓangare na mallaka da ya fi wannan kusa da mu, wato imel ɗin da aka buɗe asusu da shi. Na san wani malami a Garwa da yake karantar da fiƙihu bayan sallar magariba, wanda wani almajirinsa ya buɗe masa asusu da imel ɗin kansa da lambar wayarsa, aka ɗora darasi wajen arba'in cikin watanni. Da yaron ya tafi Yawunde neman aiki, layinsa ya ɓace, kalmar sirri kuma ta tafi da shi. Darussan suna nan a intanet har yau, ana saurarensu, amma babu mai ikon ƙara ko ɗaya ko gyara kuskuren harafi a kansu. Ba laifin kamfanin ba ne, domin shi mai imel ya sani a matsayin mai shiri. Abin da ya dace shi ne a buɗe imel na musamman da sunan shirin, a rubuta kalmar sirri a littafi a adana, kuma idan mutum biyu ko uku ne suke aikin, a nemi masaukin da yake ba kowa ƙofar shigarsa daban. Wasu kasuwanni ma ta imel ɗin da ke cikin RSS suke aiko da lambar tabbatar da cewa shirin naka ne.

Sai maganar kuɗi, wadda a wurinmu ta kasu biyu: nawa ne, kuma ta yaya za a biya. Spotify for Creators kyauta ne, haka ma Afripods da ke birnin Nairobi, wanda aka kafa domin masu shirye-shirye na Afirka. Wasu kamfanonin suna da tsarin kyauta mai sharaɗi, misali na Buzzsprout yana ajiye kowane kashi kwana 90 ne kawai, abin da ya isa gwaji amma bai dace da darasin da ake son ya zauna ba. Masu karɓar kuɗi kuma ba lissafi ɗaya suke yi ba. Libsyn, wanda yake cikin sana'ar tun 2004, da Buzzsprout suna auna yawan abin da ka ɗora a wata, yayin da Transistor da Captivate suke auna yawan saukewar da masu saurare suka yi. Mai tafsirin da yake naɗar sa'a biyu kullum a watan azumi zai ji jiki a tsari na farko, amma mai shirin minti 20 a mako ba zai ko kusanci iyakar ba.

Ƙananan tsare-tsare galibi suna kewayen dalar Amurka 10 zuwa 20 a wata. Dala 15 ta haura sefa 8,000, wato kusan sefa 100,000 a shekara, kuma tun da sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, ba da dala ba, abin da za a cire maka zai riƙa hawa da sauka. Babbar matsalar ita ce waɗannan kamfanoni kati suke karɓa, Visa ko Mastercard, alhali kuɗinmu na yau da kullum yana cikin Orange Money da MTN Mobile Money a Kamaru, ko Airtel Money da Moov Money a Chadi. Mafita ita ce katin banki irin wanda ake loda wa kuɗi, amma a tambayi bankin ko katin yana biya a ƙasashen waje ta intanet. A kuma karanta abin da masauki yake yi idan biya ya tsaya wata guda, domin wasu suna ɗaga ƙafa, wasu kuwa suna sauke shirin. A ganina, wanda bai kai kashi goma ba tukuna, ya fara da na kyauta mai ƙofar fita, ya sa kuɗinsa a makirfo mai kyau.

Abin da kamfanonin Amurka da Turai ba sa sakawa a lissafinsu shi ne tsadar data a hannun mai saurare, don haka kai ne za ka yi masa wannan lissafi. Fayil ɗin MP3 na minti 30 da aka matse a kan kilobit 128 yana cin kusan megabait 29, amma idan aka matse shi a kan 64, murya ta hanya ɗaya, zai tsaya a kusan 14 da rabi. Ga shirin magana zalla, kunnen da yake saurare ta lasifikar ƙaramar Tecno ko Itel ba zai ji bambanci ba, aljihu ne zai ji. Wani tela da nake zama a shagonsa kusa da babbar kasuwar Garwa yakan duba girman fayil kafin ya duba sunan mai magana, idan ya ga ya haura megabait 20 sai ya ajiye wayar a kan keken ɗinki ya ce, "Malam, wannan sai dare, lokacin da data take araha." Don haka ka bincika ko masaukin yana barin fayil yadda ka ɗora shi, ko yana sake matse shi bisa ma'auninsa.

Ɗorawa ma tana da nata wahala. Lokacin rani, idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, ɗaukewar wuta takan yawaita a arewa, kuma babu abin da ya kai takaicin fayil ya kusa kammala hawa sannan sadarwa ta yanke. Masaukin da ya dace da mu shi ne wanda ake iya ɗorawa daga waya ba sai da kwamfuta ba, kuma yake da damar tsara ranar fitowa, ta yadda daren da sadarwa ta yi kyau za ka ɗora kashi uku ko huɗu, su riƙa fita ɗaya bayan ɗaya kowace Juma'a ko da kana ƙauye. Mutanen Chadi ba su manta da toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 ba, kuma wannan ya isa dalilin da zai hana mutum jingina shirinsa da kafa guda.

Spotify ya iso Kamaru da Chadi ne a 2021, kuma har yanzu da yawa daga cikin masu saurarenmu ba su da wata manhajar fodkas a wayarsu. Saboda haka ka duba ko masaukin yana ba kowane kashi shafinsa mara nauyi, wanda za a tura a WhatsApp ko Facebook, mutum ya taɓa ya saurara nan take, kuma ya fi kyau idan akwai maɓallin saukewa. Wannan yana shafar alƙaluma. Masaukai masu bin ƙa'idar IAB, wato ƙungiyar masu harkar talla a intanet, suna tace saukewar da aka maimaita domin ƙidaya ta yi daidai, kuma hakan yana da amfani, amma fayil ɗin da mutum ɗaya ya sauke a Marwa ya raba wa mutum goma ta Xender ko Bluetooth, sau ɗaya za a ƙirga shi. Kada ƙarancin lamba a allo ya karya maka gwiwa, kuma kada ka biya ƙarin kuɗi don wasu zane-zanen ƙididdiga da ba sa ganin rabin masu jin ka.

Batun samun kuɗin talla ta hannun masauki ba zan daɗe a kansa ba, domin tsare-tsaren an fi gina su ne don wasu ƙasashe, kuma mai shagon atamfa ko mai sayar da takin zamani a garinku ya fi kusa da ɗaukar nauyin shirin.

Kafin ka yanke shawara, ka yi gwaji da kashi ɗaya na minti biyar. Ka rubuta takensa da haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, ka ga ko sun fito daidai ko sun koma alamar tambaya. A wurin zaɓen harshe ka nemi Hausa, wadda alamarta ita ce ha, idan kuma shirin yana gauraya da Fulatanci ko Larabcin Chadi ko Faransanci, ka zaɓi wanda ya fi rinjaye, ka ambaci sauran a bayani. Hoton shiri ya zama mai kusurwa huɗu daidai, tsakanin fiksel 1400 zuwa 3000 kowane gefe kamar yadda Apple yake buƙata, da rubutu manya da za a iya karantawa ko da hoton ya ƙanƙance a fuskar waya. Daga nan ka tura wa mutum uku masu layuka daban-daban, ɗaya a cikin gari, ɗaya a ƙauye, ɗaya a tsallaken iyaka, ka tambaye su minti nawa ya ɗauka kafin murya ta fara fita da kuma data nawa ta tafi. Idan sakamakon ya gamsar da kai, ka ɗora sauran, amma ainihin fayilolin da ka naɗa ka ajiye kwafinsu a wuri biyu, ɗaya a memori ɗaya a kwamfuta ko wata ma'ajiya, tare da takardar da ka rubuta adireshin RSS ɗinka da ranar da kowane kashi ya fita.