Yadda Za Ka Gano Abin da Ke Sa Motarka Fizga

Kafin ka shiga gareji a Garwa ko Marwa ka ce wa bakanike mota na fizga, fara sanin lokacin da take yin hakan. Nan ne yawancinmu ke gaggawa, sai a sauya kaya uku, dubban sefa su tafi, ciwo na nan daram.

Fita da ita hanya mai sarari, ka kashe rediyo, ka kasa kunne. Idan ka taka totur ne take shaƙewa, ko a hawa irin na dutsen da ake bi kafin a shiga Ngaundere? Ko tana tsaye ma injin na rawa? Ko sai wajen tashi da sauya giya? Riƙe amsar.

Sai ka tambayi kanka inda ka sha mai na ƙarshe. Ba na ganin laifin mai sayen zuwa-zuwa, wato fetur na jarka, a bakin titi, domin wani lokaci shi ne kusa. Amma man da ya bi jarka da mazurari yakan kwaso ƙasa da ruwa. A zuƙo kaɗan daga tanki a zuba a kwalba mai haske, nesa da wuta da sigari, a bar shi ya kwanta. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya taru a gindi. In ka gan shi, a juye tankin a wanke, a sa sabuwar filtar mai. Toshewar filtar nan ce ke sa mota ta yi lafiya lau cikin gari, amma da ta ɗauki kaya ko ta kama hawa sai ta fara numfashi sama-sama. Famfon mai ma haka yake yi in ya gaji. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ya kamata ka ji ɗan gurnaninsa na daƙiƙa 2 zuwa 3 daga wajen tanki. Kuma don Allah a rage yawo da tanki a ƙafe, man ne ke sanyaya famfon, balle a zafin Afrilu.

Filtar iska ba ta da wuya. Ciro ta ka ɗaga wa rana. In ƙurar hunturu ta hana haske ratsawa, sauya ta.

Daga nan sai filogi, wanda a nan aka fi sani da buji. Bari injin ya huce tukuna. Baƙin toka a bakinsa na nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, jiƙewa da baƙin mai kuma magana ce ta cikin injin. A duba wayoyi da kwayil, mai tura wa filogi wuta, ko sun tsage. Idan fitilar injin ta gaban direba tana ƙyaftawa, kada ka kama doguwar hanya. A jona na'urar gwaji: lamba P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ke ɓata wuta, P0302 ta biyu.

Wadda ke karkarwa wajen tashi a giya ɗaya kawai, kuloci za a duba. Mai sauya giya da kanta kuwa, ja sandar man giya in tana da ita: ja garau lafiya, baƙi mai ƙauri ya ƙone.

In kuma sitiyari ne ke rawa a hannunka da ka kai gudun kilomita 80 zuwa 100, alhali ƙarar injin ba ta sauya ba, rufe bonet ka nufi wajen mai daidaita taya.