Yadda Ake Lissafa Turjiya da Ƙarfin Wuta Kafin a Jona Kaya

Sau da yawa idan soket ya yi baƙi a shagon guga a unguwar Jekadafari a Gombe, ko waya ta narke a gidan da aka sa sola a unguwar Pantami, ba wutar kamfani ce ta jawo ba, an dai ɗora wa layin kayan da suka fi ƙarfinsa ne ba tare da an yi lissafi ba. Lissafin kuwa ba shi da wuya, domin duk wanda ya iya sau da rabawa zai iya yin sa a bayan takardar rasit.

Abubuwa biyu ake fara aunawa. Na farko shi ne boltej, wato matsin da ke tura wuta cikin waya, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Na biyu shi ne karent, wato yawan wutar da ke gudana, ana auna shi da amfiya, alamarsa I. Idan ka ɗauki tankin ruwa da tiyo, tsayin tankin shi ne boltej, ruwan da ke fita shi ne karent, ƙuncin tiyon kuma shi ne turjiya, wadda ake aunawa da om, alamarta R. Bajamushe Georg Ohm ne ya wallafa dangantakar waɗannan ukun a 1827, ita ce R = V ÷ I. Ƙarfin da kaya ke ci kuwa ana auna shi da wat, alamarsa P, kuma P = V × I.

A wajen awo ne ake bukatar natsuwa. Don auna boltej, sai ka juya mitar hannu ta awon wuta zuwa wajen bolt, ka ɗora bakunanta biyu a kan wayar wuta da ta nutural, wato wadda wutar ke komawa ta cikinta. Don auna karent, abin da ya fi aminci shi ne mita mai baki kamar awartaki, a maƙala ta a kan waya ɗaya tak, domin idan ta kama wayoyin biyu tare sifili za ta nuna. Turjiya kuma ba a auna ta kai tsaye sai an cire kayan daga wuta gaba ɗaya, kuma wannan ba abin da za a yi wa gaggawa ba ne, ko da mai kayan yana tsaye a kanka yana jira.

A ce ka jona dutsen guga, mita ta nuna bolt 230, wanda shi ne ma'aunin wutar gida a Najeriya, karent kuma amfiya 4.35. Raba 230 da 4.35, za ka samu turjiya kusan om 53. Ninka 230 da 4.35, za ka samu wat 1,000, kuma idan ka duba ɗan rubutun da ke ƙarƙashin mariƙin dutsen ya kamata ka ga adadi makusancin wannan. Awa guda na wat 1,000 shi ne yunit ɗaya a mitar kati.

Amfanin sanin turjiya yana fitowa ne ranar da aka kawo wuta maras ƙarfi. Turjiyar dutsen ba ta sauya sosai, saboda haka idan boltej ya sauka zuwa 180, karent zai zama 180 ÷ 53, wato kusan amfiya 3.4, ƙarfin kuma 180 × 3.4, wato kusan wat 612. Boltej ya ragu da abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, amma zafin ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, shi ya sa shadda ke ƙin kwanciya alhali dutsen lafiyarsa ƙalau.

Haka nan ake gane abin da soket zai ɗauka. Filogi mai baki uku yana da fiyus na amfiya 13, kuma 13 × 230 ya ba da wat 2,990. Wanda ya haɗa hita mai wat 2,000 da dutsen guga mai 1,200 a ekstenshin ɗaya yana jan kusan amfiya 14, kuma idan an maye gurbin fiyus ɗin da zaren waya, kamar yadda wasu ke yi, to ba abin da zai tsinke sai wayar kanta.

Masu sola su ne suka fi kowa bukatar wannan lissafi a ganina, domin mutane na ɗaukan batir mai bolt 12 a matsayin abu maras haɗari. Kayan wat 600 a wutar bolt 230 ba su kai amfiya 3 ba, amma a ɓangaren batir inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, zai ja 600 ÷ 12, wato amfiya 50, har da ɗoriya saboda asarar da inbatan ke yi. Zafin da waya ke yi kuwa shi ne I × I × R. Idan turjiyar wayar om 0.02 ce kacal, wat 50 ne ke ƙonewa a cikinta, amma idan aka jera batir biyu aka samu bolt 24, karent zai koma 25, asarar ta dawo wat 12.5. Don haka wayar da ke tsakanin batir da inbata dole ta zama mai kauri kuma gajera, a kuma ɗaure bakinta tamau.

Wannan lissafi ya fi yin daidai a kayan da zafi kawai suke yi, irin su hita da risho na lantarki, da kuma wutar batir. Kayan da ke da mota a ciki, kamar firiji da fanka da injin jan ruwan burtsatse, idan ka ninka bolt da amfiya za ka samu adadin da ya ɗara ainihin wat ɗin da suke ci, sannan lokacin tashi suna fizgar karent ninkin abin da suke ja idan sun daidaita. Saboda haka wanda zai sayi janareta ko inbata don irinsu, ya haɗa jimlar wat ɗin kayansa duka, sannan ya bar rata mai yawa a sama, ya kuma riƙa kunna firijin shi kaɗai kafin ya ƙara sauran kayan.