Shawara ga mai son taka sayyada a Sikotland

Salam 'yan uwa. Ɗan'uwanmu na Argungu da ya ce zai koma Glasgow inda ya yi karatu kafin ya kama hanyar West Highland Way (doguwar hanyar tafiya a ƙafa a Sikotland), ga abin da zan ce maka, ni ma na taɓa yi.

Ka ba kanka kwana 3 ko 4 a garin tukuna. Jikinka ya saba da zafin Kebbi, sanyi da yayyafin can kuwa ko a watan Yuli ba sa ɗaga ƙafa. Kuma wallahi komawa tsohuwar unguwa tana da nauyi a zuciya, za ka tarar mai shagon da kake sayen nama ya tashi, abokai sun watse, wasu sun yi aure sun bar gari, gara ka gama wannan ziyarar, ka yi Juma'a a babban masallacin Glasgow, hankalinka ya kwanta kafin ka ɗau jaka.

Hanyar kilomita 154 ce daga Milngavie da ke kusa da Glasgow zuwa garin Fort William, galibi kwana 6 zuwa 8 ake yi. Takalmi kar ka saya a can ranar tafiya, saya tun yanzu ka riƙa zagaya gari da shi da asuba har ya yi laushi. Ka tanadi ragar rufe fuska saboda ƙananan ƙwarin nan masu cizo, da rani sun fi sauron fadama naci. Dabino da gyaɗa a aljihu, don wajen Rannoch Moor, wani faffaɗan fili da hanyar ta ratsa, ba shago. Wurin kwana kuma ka kama tun da wuri.