Yadda Ya Kamata a Kalli Fim ɗin Night of the Demon

Duk wanda zai zauna kallon wannan tsohon fim ɗin ban tsoro na Birtaniya, wanda Jacques Tourneur ya ba da umarni a 1957, ya fara da duba tsawon kwafin da ya samu. Na asali yana kai kimanin minti 95, amma akwai wanda aka datse aka kai Amurka da sunan Curse of the Demon, inda aka zubar da fiye da minti goma. A nemi cikakken, domin labarin yana buƙatar lokaci kafin tsoronsa ya nuna.

Fim ne na baƙi da fari, saboda haka a kalle shi da dare, a kashe fitilu, a ajiye waya, domin rabin aikin yana cikin inuwa da sautin iska.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a sa wa takardar ido. Wata 'yar siririyar takarda ce mai rubutun tsafi, wadda matsafi Julian Karswell yake cusa wa wanda yake nufi da halaka, kuma wanda ya karɓa ba ya tsira sai ya mayar da ita hannun mai ita ba tare da ya ankara ba. A lura da ɗakin karatu na gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, inda Karswell ya tsince wa Dakta Holden takardunsa da suka zube ya miƙa masa cikin ladabi. A nan aka gama da Holden, domin takardar tsafin tana cikinsu, shi kuwa bai sani ba. Daga baya a duba yadda takardar take zillewa ta nufi wutar murhu kamar mai rai, domin idan ta ƙone babu sauran abin mayarwa. Holden, wanda Dana Andrews ya fito a matsayinsa, masanin halayyar ɗan Adam ne da bai yarda da sihiri ba, kuma daɗin fim ɗin yana cikin ganin yadda taurin kansa yake zaizayewa yayin da wa'adin da aka yanka masa yake matsowa.

Kada fitowar dodon da ke halaka wanda aka cusa wa takardar, tun a mintocin farko, ta sa a yanke hukunci. Furodusa Hal E. Chester ne ya nace a nuna shi a fili, alhali Tourneur ya fi son a bar shi a ɓoye, kuma a ganina daraktan ne ke da gaskiya, domin guguwar da Karswell ya tayar a wurin wasan yara ta fi dodon tayar da tsigar jiki.

Bayan an gama, sai a karanta gajeren labarin M. R. James na 1911, Casting the Runes, wanda daga gare shi aka samo fim ɗin, sannan a sake kallon wurin da ke cikin jirgin ƙasa, a bi hannun Holden sannu a hankali.