Kafin ku ɗora sola a saman gini a Saudiyya

'Yan uwa masu aikin gini a Makka da Jidda, yanzu kusan duk maigidan da muka yi wa aiki sai ya tambayi maganar sola, sbd gwamnati na son rabin wutar ƙasar nan ta fito daga rana da iska da makamantansu zuwa 2030, ga kuma tashar sola ta Sakaka mai megawat 300 da aka gina a Jauf, kowa ya ji labari ya ƙyasa. To ga yadda nake bi.

Kar ka fara da fanel, fara da azal, wato abin tare zafi a bango da rufi. Dokar gini ta SBC 602 ta wajabta shi a gidajen zama, kuma wallahi ko ba doka ni sai na sa. Ka taɓa rufin kankaren da ba azal da azahar a watan Yuli, tafin hannunka ba zai jure ba, zafin nan duk cikin ɗaki yake sauka, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya kwana yana aiki, shi ne ke cinye mafi yawan wutar gida. Gidan da ke zubar da sanyi ko fanel nawa ka jera masa asara ce. Bulo mai azal, taga mai gilashi biyu, a toshe gefen firam da kyau.

Tun ana zuba kankare ka bar bututun waya daga sama zuwa wajen mita, ka ware fili mai kallon kudu inda tankin ruwa da katangar sama ba za su yi inuwa ba. Fasa bango daga baya ɓacin rai ne.

Sai takarda. Maigida ya shiga shafin Shamsi, wato shafin intanet na hukuma don masu son sa sola, ya lissafa abin da zai rage a kuɗin wuta, tsarin ya ƙunshi sola mai kilowat 1 har megawat 2, sannan ya nemi izinin kamfanin wuta ta hannun muƙawil, wato ɗan kwangila, wanda aka amince da shi. Dan Allah kar ka haɗa da kanka ko ka iya, iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, ta fi kuɗin aikin nan.

Ka gaya masa gaskiya, wutar gida halala 18 ce duk kilowat-awa har 6,000 a wata, sama da haka 30 (halala 100 ce riyal ɗaya), rarar wutar da ya tura wa kamfanin kuma a ƙasa da haka suke lissafa ta, don haka a auna daidai buƙatar gidan da rana.

Ƙura kuwa, a kai famfo sama tun farko, a riƙa wanke fanel da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.