Darasi na 9: Gasasshen Salak da Miyarsa ta Gida

To 'yan uwa, darasinmu na yau a bakin murhu yake, kowa ya ɗauko littafinsa da biro don akwai awo da za mu rubuta. Salak ɗin da muka saba shi ne a yayyanka latas ƙanana a zuba tumatir da albasa da dafaffen ƙwai, a barbaɗa ƙuli ko a sa bama. Na yau ba a yayyanka shi, dunƙulen ake rabawa gida 4 kamar yankan kankana, a ɗan gasa a wuta, kowa a ba shi yankinsa a faranti. A Amurka aka fi sanin irin wannan yankan, musamman gidajen abinci masu gasa nama, su suna zuba masa miyar cuku da soyayyen naman alade, mu kuwa kilishi za mu sa, kuma ni dai a ganina yajin kilishi ya fi dacewa da ganyen ma.

Latas ɗin da ake so shi ne mai dunƙulewa irin na kabeji, wajen masu kayan lambun Jos ake ɗan samunsa. Namu na lambu mai buɗaɗɗen ganye ba ya jure wuta, yana jin zafi sai ya yi laƙwas. In ba ku samu dunƙulallen ba ku ɗauki kabeji kawai, ga araha ga shi ko'ina akwai, ku zaɓi mai nauyi a hannu wanda ya matse sosai.

Ku ɓare ganyen waje ku yar, sai ku raba shi daga sama har gindi, amma don Allah kar ku cire gindin nan mai tauri, shi ne yake riƙe ganyen, kuna cire shi komai zai warwatse a kan raga. Ku wanke da ruwa mai tsafta sau 2 ko 3 kuna ɗan buɗa tsakanin ganyen saboda ƙasa da tsutsa, kar wani ya ce ai wuta za ta kashe ƙwayoyin cuta, gashin minti 2 ba ya kaiwa ciki, cikin ɗanye za a ci shi. Daga nan a kifa a kwando ya tsane kamar minti 30, a goge da tsumma mai tsafta. Wannan tsanewar ita ce rabin aikin wallahi, don jiƙaƙƙen ganye ba ya gasuwa, turaruwa yake yi, ya yi laushi ya yi warin dafaffen kabeji.

Kafin ya tsane sai a haɗa miya. Kindirmo mai kauri cokali 6, bama cokali 2, ruwan lemun tsami cokali 1, tafarnuwa ƙwara 1 a daka ta lukwi, gishiri kaɗan da masoro. Ku juya ku ɗanɗana, in ta yi kauri da yawa a ɗiga ruwa. Yogot mai suga ba zai yi ba. Wanda ba ya shan nono ga wata, man gyaɗa cokali 3, lemun tsami cokali 1, garin ƙuli cokali 1, a zuba a kwalba a rufe a girgiza har su haɗe. Ta kindirmon kar ta wuce awa 1 a waje da zafin nan namu, in babu firij a yi iya wadda za a cinye.

Yanzu wuta. Ku hura gawayi a kurfoti ku jira harshen wutar ya mutu, garwashi ya yi ja da farar toka a kansa, sannan a ɗora raga ta yi zafi. A shafa man gyaɗa a fuskoki biyun da aka yanka, a barbaɗa gishiri, a kwantar. Latas minti 1 zuwa 2 kowane gefe, kabeji kuma minti 5 zuwa 6 don ya fi tauri. Kar a yi ta juyawa, ku bar shi har bakin ganyen ya yi baƙi-baƙi zanen ragar ya fito, za ku ji ƙamshin ya canza, waje ya ɗauki hayaƙi ciki kuma yana nan da ƙaras-ƙaras ɗinsa. Mara kurfoti ya ɗora kasko ya yi zafi sosai, shi ma yana yi.

Ana saukewa a zuba miya a kai ta gangara tsakanin ganyen, a watsa yankakken tumatir da albasa da kilishin da aka marmasa, a ci nan take tun bai saki ruwa ba.

Aikin gida: miyar kindirmon nan ta mutum 4 ce, ku lissafa cokali nawa na kindirmo da na bama da na lemun tsami za a sa in baƙi 8 ne, ku rubuta amsar da lamba da kuma kalmomi ku zo da ita aji na gaba.